Bayan Hadari Ya Wuce, Kogi Ke Fara Haki

A tsakiyar watan Maris na 2023 mutanen Menindee, wani ƙaramin gari mai mutum kusan 500 a can yammacin jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, suka wayi gari kogin Darling ya yi fari fat. Farin tumbin kifi ne, sun juya sun taso, sun rufe ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan. Zafi a lokacin ya doshi digiri 40, nan da nan wari ya gauraye garin. Binciken da babban masanin kimiyya na gwamnatin jihar ya jagoranta daga baya ya ƙiyasta cewa kifin da ya mutu ya kai tsakanin miliyan 20 zuwa 30.

Lokacin da abin ya faru shi ya fi ɗaure wa mutane kai. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 an yi irin wannan mutuwa a wurin, kifi kusan miliyan ɗaya, amma a lokacin ana tsakiyar fari, kogin ya tsinke ya koma tafkuna, kowa ya san dalili. Wannan karon kuwa shekara uku aka jera ana tafka ruwa, kogin ya cika ya batse, kifi ya hayayyafa yadda aka daɗe ba a gani ba. Ba wata masana'anta da ta zubo guba. Da ambaliyar ta fara janyewa, ruwan da ya kwana a daji ya dawo cikin kogi ɗauke da ruɓaɓɓen ganye, ya tarar da ɗimbin kifi sun cunkushe a bayan madatsar ruwa, ga zafi. Iskar da ke cikin ruwan ta ƙare, kifi ya shaƙe a cikin ruwa tsundum.

Mun saba ɗaukar ruwan sama a matsayin wanki. In an yi ruwa mai ƙarfi sai a ce gari ya wanku, kwata ta tafi, bola ta ragu. Gaskiya ne, amma duk abin da aka wanke yana da inda ya je, kuma inda ya je ɗin mai rai ne.

Kogi ma yana numfashi

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. Ruwa ba shi da wannan wadata. Lita ɗaya ta ruwan daɗi mai sanyin ƙanƙara ba ta iya riƙe fiye da kimanin miligiram 14 na oksijin. A digiri 20 abin ya sauko kusan 9, a digiri 30 kuma, wato ɗumin kogunanmu a bazara, bai wuce 7 da rabi ba. In ya faɗi ƙasa da miligiram 2, yawancin kifi sai gudu ko mutuwa. Tazarar da ke tsakanin lafiya da halaka ke nan, 'yan miligiram.

Ta hanya biyu ruwa ke samun wannan ɗan guziri. Wani yana shiga daga sama, inda ruwa ke gogayya da iska, musamman in yana gudu a kan duwatsu ko iska na kaɗa shi. Sauran kuma tsirrai ne ke samarwa in rana ta haska su: ciyawar ƙarƙashin ruwa, gansakukar da ke manne a jikin dutse, da wasu ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa waɗanda ido ba ya gani sai in sun yi yawa ruwan ya yi kore. Masu cinye iskar kuwa ba su san dare ko rana ba. Kifi na shaƙa, ƙwari na shaƙa, tsirran kansu na shaƙa, amma babban mai ci shi ne bakteriya, ƙwayoyin halittar da aikinsu ruɓar da duk abin da ya faɗo ruwa.

A 1956 wani masanin muhalli Ba'amurke, Howard T. Odum, wanda ya yi aiki a maɓuɓɓugar Silver Springs a jihar Florida, ya nuna cewa ana iya karanta rayuwar kogi gaba ɗaya daga wannan cinikin. In ka auna oksijin tun daga fitowar rana har wayewar gari, za ka ga yana hawa da hantsi, ya kai ƙololuwa wajen la'asar, ya riƙa gangarowa cikin dare har ya kai ƙarshen ƙasa da asuba. Daga hawan za a lissafa yawan abincin da kogin ya haɗa da kansa, daga saukar kuma a lissafa yawan wanda ya ƙona. Yau ƙananan na'urori da ake ɗaurewa a jikin gada su ke wannan awo duk bayan 'yan mintoci, shekara da shekaru, amma lissafin na Odum ne.

Mai kiwon kifi a tafki bai buƙatar a ba shi wannan labari. Ya san in aka jera kwana biyu uku gari a lumshe, to ya tashi tun kafin kiran salla ya leƙa ruwansa. Zai tarar da karfasa sun taso sama, bakinsu a buɗe suna kamun iska a fatar ruwa, ko an watsa abinci ba sa kula shi. In ya yi jinkirin tayar da famfo ko sauya ruwa, kafin rana ta ɗago ya yi asara.

Awon da aka tara a ɗaruruwan koguna ya nuna yawancinsu sun fi ci a kan nema. Abin da suke ƙonawa ya fi abin da suke haɗawa, cikon kuma daga tudu yake zuwa: ganye, ƙasa, kashin dabbobi, tarkacen gona. Shi ya sa koguna ke fitar da iskar kabon zuwa sama. Wani ƙiyasi da Peter Raymond na jami'ar Yale da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya ce koguna da ƙoramun duniya suna fitar da kimanin tan biliyan 1.8 na kabon kowace shekara. Kogi dama mai zaman kara-zube ne da bashi a wuya, hadari kuma in ya zo sai ya ninka masa bashin.

Yakan fara da kashe masa fitila. Ruwa ya yi laka, haske ya kasa ratsa ko taƙi ɗaya, ƙarfin gudu ya kankare gansakukar da ke jikin duwatsu ya tumɓuke ciyawa. Samar da oksijin ya tsaya cak. A daidai wannan lokaci ne kuma ake juye wa bakteriya abincin da ba su taɓa gani ba. A watan Agusta na 2011, da guguwar Irene ta sauka a duwatsun Catskill na jihar New York, masu bincike sun auna ƙoramar Esopus suka tarar cewa cikin kwana biyar ta kwashe kashi 43 cikin ɗari na narkakken kabon da ta saba kwashewa a shekara guda cur. Wannan ƙorama tana cikin masu shayar da birnin New York, kuma sai da hukumar ruwan birnin ta shafe watanni tana zuba alif kafin ruwan ya kwanta, dabarar da duk uwar gida a bakin gulbi ta sani.

Ƙoramar dutse ba ta cika jin jiki ba. Gudunta da tsallenta suna mayar mata da iska, gansakuka kuma takan dawo cikin 'yan makonni. Ita dai ta miƙa kayan gaba. Wahala tana jiran inda ruwa ya rage gudu ya zauna: fadama, bayan dam, da mahaɗar kogi da teku.

Guguwa uku cikin mako shida

Babu inda aka bi diddigin wannan al'amari kamar gabashin jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, dausayi da gonaki, kuma a ƙarshen shekarun 1990 aladun da ake kiwo a jihar sun kai kusan miliyan 10, sun fi mutanenta yawa. Kashinsu a manyan kududdufai buɗaɗɗu ake tara shi. Kogin Neuse yana ratso wannan ƙasa daga wajen birnin Raleigh, ya wuce Goldsboro da Kinston, a New Bern ya buɗe ya zama ruwan zartsi, sannan ya zube a wani makeken tafkin teku mai suna Pamlico Sound. Zurfin tafkin a matsakaici bai kai mita 5 ba. Jerin tsibiran rairayi sun tare shi daga tekun Atlantika, sai 'yan ƙananan mashigai, don haka ruwan da ya shiga yakan yi kusan shekara kafin ya fita. Nan ne ƙaguwa da jatan lande da kifaye iri-iri ke girma kafin su fita teku, nan ne abincin masuntan yankin.

A farkon Satumba na 1999 guguwar Dennis ta zo ta yi ta jan ƙafa a gaɓar, ta jiƙa ƙasa sharkaf. Ranar 16 ga watan Floyd ta sauka a kusa da Cape Fear, ta zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan ƙasar da ba ta da sauran wurin sha. A tsakiyar Oktoba wata guguwar mai suna Irene, ba ta 2011 ba, ta ƙara nata. Wasu wurare sun sami ruwan sama kusan mita ɗaya cikin mako shida. Mutum fiye da 50 suka mutu a jihar. Garin Princeville, wanda 'yantattun bayi suka kafa bayan yaƙin basasar Amurka, ya nutse har rufin ɗakuna. Dubban aladu da miliyoyin kaji suka halaka, kududdufan kashi suka tumbatsa, wuraren tace bahayar birane suka nutse, duk aka haɗu aka gangara.

Wannan shi ne ɓangaren da talabijin ya nuna. Hans Paerl na jami'ar Karolina ta Arewa da abokan aikinsa, waɗanda dama tun tsakiyar shekarun 1990 suke auna kogin Neuse a kai a kai, su suka bi sauran labarin, suka wallafa shi a 2001. Ruwan ambaliya ya ture kashi uku cikin huɗu na ruwan Pamlico Sound, gishirinsa ya ragu da kusan haka. Aƙalla rabin naitirojin da ya saba shiga tafkin a shekara ya shiga cikin waɗannan makonni. Kabon da ke cikin ruwan Neuse ya ninka na kullum aƙalla sau biyu.

A mahaɗar kogi da teku akwai wata matsala da kogin tudu bai sani ba. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, saboda haka ruwan ambaliya in ya iso ba ya gaurayuwa, sai ya hau sama ya kwanta kamar mai a kan miya. Na ƙasa ya rasa hanyar ganin iska. Bakteriya kuwa suna can ƙasan suna ta cin abin da ke nutsowa. Cikin 'yan kwanaki oksijin ɗin ƙasa ya faɗi, ya kuma zauna a faɗe har tsawon makonni. Mai iya iyo ya gudu, kawa da tsutsotsin laka da duk wanda ke manne a ƙasa ba su da inda za su je. Kifin da aka kamo a lokacin, da yawa an same su da gyambo a jiki. Abin mamaki, Irene ce ta buɗe murfin: iskarta ta kaɗa tafkin ta gauraya sama da ƙasa. Guguwar da ta ƙara ruwa ita ce kuma ta kawo numfashi.

Da laka ta kwanta haske ya dawo, sai zagaye na biyu ya fara. Naitirojin da fosfaras, wato sinadaran da manomi ke saye a buhun takin zamani, suna nan birjik a ruwa, ƙananan tsirran nan suka samu suka yi ta yaɗo har yawansu ya ninka sau uku zuwa biyar. Rayuwarsu 'yan kwanaki ce. In sun mutu su nutse, bakteriya su karɓa, oksijin ya sake faɗuwa. Tun da tafkin ba ya saurin sakin abin da ya shiga cikinsa, takin nan ya yi ta zagaye tsakanin laka da ruwa har shekara ta kewayo. Kamun ƙaguwa ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo, lokacin da an daɗe da gyara gadoji, 'yan jarida kuma sun koma gida.

Bayan 1999 Paerl ya ga cewa zuwa awo da ƙaramin jirgi sau biyu a wata ba zai kama irin wannan ba, domin ranar da aka fi buƙatar awon ita ce ranar da ba mai iya fita. Daga shekara ta 2000 aka fara ɗora na'urori a jiragen fiton gwamnatin jihar, waɗanda dama kullum suna kai da kawowa da motoci da fasinja. Jirgi na tafiya yana zuƙo ruwa, ana auna ɗumi da gishiri da laka da yawan tsirrai. Ana kiran shirin FerryMon. A ganina wannan ita ce dabara mafi arha kuma mafi wayo a duk labarin, kuma ba ta fi ƙarfin duk ƙasar da ke da jirgin fito ba.

Shekarun awon sun koyar da wani abu da ya kamata masu karanta labarai su riƙe. Darajar da ake ba guguwa, daga 1 zuwa 5, ma'aunin ƙarfin iska ne kawai, kogi kuwa ruwan da aka zubar ne ya dame shi. Isabel ta 2003 ta zo da iskar da ta yanke tsibirin Hatteras gida biyu, amma ruwanta a yankin bai taka kara ya karya ba, kuma tafkin bai daɗe ba ya farfaɗo. Florence ta Satumba 2018 kuwa tana mataki na 1 ta sauka, sai dai tafiyar hawainiya ta yi, ta zubar da milimita fiye da 900 a garin Elizabethtown. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna baƙin ruwa yana kwarara daga bakin kogunan zuwa cikin teku. Da ruwa ya janye daga babbar hanyar Interstate 40, sai da 'yan kwana-kwana suka zo da mesa suka wanke matattun kifi daga kan kwalta. A 2019 Paerl da abokansa suka duba bayanan ruwan sama na gaɓar jihar tun daga 1898, suka tarar shida daga cikin guguwa bakwai mafi zubar da ruwa sun auku ne a shekara 20 na ƙarshe. Wannan bai saɓa wa lissafi ba, domin duk ƙarin digiri ɗaya na ɗumi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari.

Can arewa da nan, a mashigin Chesapeake, darasin na lokaci ne. Guguwar Agnes ta zo a watan Yuni na 1972, daidai lokacin da ciyawar ƙarƙashin ruwa ke toho, kawa ke hayayyafa. Kogin Susquehanna ya kwararo da laka tan miliyoyi, ya binne ciyawa, ya tsinka gishirin ruwan har kawa suka yi ta mutuwa. Babban filin ciyawar da ke bakin kogin sai da ya yi kusan shekara 30 kafin ya dawo sosai. A Satumba na 2011 guguwar Lee ta kawo ɗaya daga cikin ambaliya mafi girma tun bayan Agnes, amma ta tarar da ciyawar ta riƙa, kakar tohonta ta wuce, tsakiyar filin kuma ya yi kaurin da zai rage gudun ruwa da kansa. Gefe ya ci, tsakiya ta tsira. Robert Hirsch na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya lissafa cewa cikin shekara goma, daga 2002 zuwa 2011, 'yan kwanakin Lee sun kawo kusan kashi 2 ne kacal na ruwan da kogin ya zubar, amma sun kawo kashi 22 na fosfaras da kashi 39 na laka. Wani kaso na lakar daga bayan dam ɗin Conowingo ya taso, wanda aka gina a 1928, ya yi shekaru yana tare ta har cikinsa ya kusa cika. Dam na ɓoye laka, amma ajiya ce, ranar babban ruwa sai ya biya.

A birni abin ya fi sauri, ya kuma fi ƙazanta. Tsoffin biranen Turai sun haɗa ruwan sama da bahaya a bututu ɗaya, in ya cika sai a saki rarar cikin kogi. A farkon Agusta na 2004 hadari ɗaya ya tura dubban ɗaruruwan tan na irin wannan ruwa cikin kogin Tems a Landan, dubban kifi suka mutu, a birnin da har jiragen ruwa na musamman yake da su masu hura wa kogin oksijin. Sai da suka haƙa rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin don tare rarar, aka kammala haɗa shi a 2025. Faransa ta kashe kusan Yuro biliyan 1.4 don a yi iyo a kogin Sen lokacin wasannin Olamfik na 2024, amma ruwan da aka yi ranar buɗe gasar ya sa aka ɗage tseren maza mai haɗe da iyo a kogin da kwana ɗaya saboda ƙwayoyin cuta sun haura ƙa'ida. Mu da kwatocinmu ke buɗe ba ma buƙatar bututu ya cika. Ruwan farko na damina shi ke kwashe abin da rani ya tara wata bakwai, bola da masai da kashin dabbobi da man gareji, a Kano har da ruwan majemu na zamani, ya kai Jakara da Challawa a wuni ɗaya, a lokacin da ruwansu ya fi ƙaranci ya kuma fi ɗumi. Bayan ɓallewar dam ɗin Alau ranar 10 ga Satumba 2024, ba a yi wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Kada a ɗora wa ambaliya laifin da ba nata ba

Duk da haka, wanda ya ce ambaliya abokiyar gabar kogi ce bai zauna da masunta ba. Yawancin kifin kogunan Afirka da tasowar ruwa suke nasa ƙwai. Ruwa ya hau fadama, ƙananan kifi su bi shi cikin ciyawa su sami abinci da maɓoya, in ya janye su dawo da ƙiba. Masana kamun kifi sun daɗe da lura cewa shekarar da ruwa ya malala da faɗi, kamun da ke biye yakan yi albarka. A fadamar Haɗeja da Nguru an ga kishiyar haka: bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, malalar damina ta ragu, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, kacala ta samu ta toshe hanyoyinsa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya duk suka ji a jikinsu.

Ostareliya ma ta koyi wannan da tsada. Baƙin ruwan da ya mamaye ɗaruruwan kilomitoci na kogin Murray a 2010 zuwa 2011 ya yi muni ne domin an yi shekara kusan goma ana fari, madatsai kuma sun hana ƙananan ambaliyar da ke share dajin bakin kogi kaɗan-kaɗan. Ganyen shekara goma ya jiƙa a lokaci ɗaya, a tsakiyar zafi. Kogin da ake bari ya hau fadamarsa duk shekara ba ya tara irin wannan kaya.

Wasu kifayenmu sun daɗe da shirya wa ruwan da ba iska. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sama da ita, gaiwa kuwa huhu gare ta, har rani takan yi a cikin busasshiyar laka. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya, ruwa in ya shaƙe yana cikin na farkon faɗuwa. Don haka kogi na iya lalacewa a hankali ba tare da an ga fari fat irin na Menindee ba. Masu juriya su rage, masu laushi su ɓace, sai dai a ga sauyin a faifan mai sayar da kifi.

Jan ruwan Yamai

Kogin Kwara, wanda mutanen Nijar ke kira Isa, sau biyu yake tasowa a shekara a Yamai, kuma ko yaro zai bambance su da ido. Ruwan da aka yi a tsaunukan Gini yakan yi watanni yana ratsa babbar fadamar tsakiyar Mali, a can ya sauke lakarsa, ya iso Yamai wajen Disamba da Janairu a natse, da duhu-duhu. Ɗayan kuwa na damina ne, Agusta zuwa Satumba, ja wur, kuma daga kusa yake zuwa: Gorouol da Dargol da Sirba, ƙoramu uku da ke gangarowa daga yankin Liptako ta hannun dama. Hadari ya sauka yau, kafin 'yan kwanaki ruwan ya iso gari. A Yawuri da tafkin Kainji ma an san wannan tasowa biyu, farin ruwa mai laka na damina da baƙin ruwa na hunturu.

A da na Gini shi ne babba. Tun bayan farin shekarun 1970 da 1980 sai masana ruwa suka lura da wani abu mai kama da almara: ruwan sama ya ragu a Sahel, amma ruwan da ƙoramu ke kawowa ƙaruwa yake. Dalilin yana ƙasa. An sare itatuwa, an daina barin gona ta huta, ƙasa ta zama faƙo, ruwa in ya sauka ba ya nutsewa sai gudu, yana yanka kwazazzabai yana tafiya da jar ƙasa. Da damina ta fara dawowa da manyan hadura, jan ruwa ya zarce na Gini. A 2012 ya kafa tarihi, a Satumba na 2020 ya kafa sabo, ma'aunin Yamai ya kai mita 7, shingen Lamorde ya ɓalle, unguwannin Harobanda da gonakin shinkafa suka nutse.

Abin da jan ruwa ke yi wa kogin bai bambanta da abin da aka auna a Neuse ko Esopus ba: haske ya yanke, abin ruɓa ya ƙaru, ga ɗumin da dama bai bar wa ruwan oksijin mai yawa ba. Matatar Goudel da ke shayar da birnin daga wannan kogi take ɗiba, ruwa mai laka kuma ya fi cin magani da lokaci. Rairayin da ke biyo ambaliyar yana zama a gadon kogin ya cike shi, shekara mai zuwa ruwa kaɗan ma ya isa ya fita gefe.

Ana yawan sa rai da dam ɗin Kandaji da aka fara ginawa a arewacin Tilaberi, kuma zai taimaka wajen riƙe ruwa don rani, a kogin da ya taɓa tsayawa cak a Yamai a 1985. Sai dai Dargol da Sirba a ƙasan Kandaji suke shiga kogin, a yankin Gotheye, dam ɗin ba zai ga ruwansu ba. Mafi yawan ƙasar da Sirba ke kwasowa kuma tana cikin Burkina Faso ne, a yankunan da rashin tsaro ya hana manoma da dama zuwa gona, balle haƙa ramukan rabin-wata da jera duwatsun da ke tsayar da ruwa a inda ya sauka.